Ranar da Aka Hana Baba Tanimu Hawa Jirgi

Wata rana, a filin jirgin sama na wani babban gari a Arewa, wata mata ta tayar da rigimar da sai da masu shara suka ajiye tsintsiya suka tsaya kallo.

Sunanta Uwani.

'Yar kasuwa ce, tana saro leshi da takalman mata daga Legas. Irin matan nan ne da za ka ji ƙamshin turarensu kafin ka ga fuskarsu, in kuma aka taɓo su suka buɗe baki, sai ka ce da ma a ƙamshin aka tsaya.

Amma kar in ci haƙƙinta, hannunta a buɗe yake. Kuma ita ce ke riƙe da mahaifinta tun da ƙarfinsa ya ƙare.

Uwani ba ta sayen tikiti a ofis. A wajen filin, inda ake ajiye motoci, akwai wani mutum da ake wa laƙabi da Sha-Yanzu. Idan wani ya fasa tafiya, sai ya karɓe tikitinsa a arha, ya jira wanda ya zo a gaggauce ya sayar masa. Sunan da ke jikin tikitin kuwa na mai shi na farko ne.

In ya miƙa mata, sai ya matso ya raɗa mata a kunne: "Yau ga sunanki, Hajiya. Kar ki manta."

Da haka Uwani ta yi ta yawo a sama da sunayen mutane. Ta taɓa zama Ngozi, ta taɓa zama Folake. Har takan ce wa ƙawayenta ita kaɗai ce ake ta raɗa wa suna ba a yanka ko rago ɗaya ba.

To, sai aka tsaurara doka. Aka ce daga yanzu ko tafiyar cikin gida za ka yi, sai ka nuna katin shaida mai hoto, kuma sunan da ke kati ya zo daidai da na tikiti.

Sha-Yanzu ya ce mata, "Rabu da su, Hajiya, zafin sabuwar doka ne. Ki ɗaure fuska kawai ki wuce."

Ta ɗaure fuska, ta shiga layi.

A teburin duba tikiti akwai wata ma'aikaciya, siririya, mai gilashi. Ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma da ɗaure fuska. Ta karɓi tikitin ta duba, ta ɗago.

"Hajiya, katinki mai hoto."

Uwani ta ce ta manto shi. Aka ce ko lasisin tuƙi ne, ko fasfo. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta zaro katinta ta dangwarar a kan tebur. Suna daban, tikiti daban.

"Ki yi haƙuri, ba zan iya barin ki ki hau da wannan ba."

Jama'a, abin da Uwani ta faɗa wa baiwar Allahn nan ba zai rubutu a nan ba. Ta tambaye ta ko jirgin gadon gidansu ne. Ta ce 'yar baƙin ciki ce, an ba ta kujera ta ɗauka sarauta ce. Ta ƙare da Allah ya isa, da ƙarfi, yadda har na ƙarshen layi sai da ya ji.

Mai gilashi ta tura mata katinta a hankali, ta kira na bayanta.

A mota Uwani ta yi wannan tafiyar, ta isa Legas ƙafa a kumbure. Bayan nan ta koma sayen tikiti da sunanta, ba don ta yarda da dokar ba, sai don dole. Duk gidan biki ko suna da ta shiga kuwa, sai ta ba da labarin muguwar mata mai gilashi.

Mu bar ta nan, mu leƙa gida.

Mahaifinta, Baba Tanimu, tsohon bafataken goro ne. Ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Arewa da Agege ta Legas, shi da ƙaninsa Iro. Shi yana kula da kasuwar gida, Iro yana can yana haɗa kaya. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ba a taɓa jin kansu ba.

Da tsufa ya zo, sai ya zo masa da gigi. Yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba. Yakan fita masallacin ƙofar gida ya kasa gane ƙofar da zai koma. Ga ciwon suga, wanda in lokacin magani ya wuce sai jiki ya hau rawa. Dole Uwani ta tattara katinsa na ɗan ƙasa da na asibiti ta riƙa yawo da su a jakarta, don in aka bar su a hannunsa sai dai a tsince su a cikin tulu.

Ana cikin haka Iro ya rasu a Agege.

Dangi suka taru suka yi shawara. Suka ce tsohon nan ba zai iya ɗauka ba, kuma ko an faɗa masa zai manta, gobe a sake fama masa ciwo. Aka yanke a ɓoye masa. Don tausayi suka yi, Allah ya sani.

Shi ke nan, kullum da safe sai ya tambaya.

"Uwani, an ji daga Iro?"

"An ji, Baba. Yana Legas lafiya lau, yana gaishe ka."

"To me ya hana shi zuwa?"

"Hidima ce ta yi masa yawa. Ya ce yana nan yana jiran ganin ka."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ta fi sa shi murmushi, shi ya sa take yawan faɗinta. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk abin da ake faɗa masa yana zubewa, amma ita wannan ta samu wuri ta zauna.

Wata Laraba da hantsi, ta ba shi koko da ƙosai, ta ga ya kishingiɗa, sai ta leƙa maƙwabta yin barka. Hira ta yi daɗi, ta ɗan jima.

Da ta dawo, ɗaki wayam.

Babbar rigarsa ta shadda da ke rataye a ƙusa babu. Hularsa ta zuwa Juma'a babu. Akwatinsa na ƙarfe a buɗe.

Ta duba masallaci. Ta duba majalisar dattawa ta gindin darbejiya. Ta shiga gida-gida mayafi a hannu, tana tambayar ko an ga Baba. Sai can a bakin titi wani ɗan adaidaita mai suna Sabitu ya tare ta.

"Hajiya, lafiya? Ai ni na kai Baba filin jirgi ɗazu. Ya sha babbar riga, magana tsaf-tsaf. Har ya sa na tsaya ya sayi kilishi, ya ce tsarabar ƙaninsa ce, yana can yana jiran sa. Wallahi na ɗauka da saninku."

Uwani ba ta san lokacin da ta faɗa cikin adaidaitar ba.

A hanya tana ta lallashin kanta. Ai ba shi da tikiti. Ai bai san yadda ake saye yanzu ba. Zai zagaya ya gaji, ta same shi zaune a kan benci.

Suna shiga wurin ajiye motoci ta hango Sha-Yanzu jingine da wata mota yana sakace. Ta nufe shi don ta tambaya ko ya ga wani dattijo.

Ba ta kai ga tambayar ba.

A hannunsa akwai agogon Baba. Tsohon agogo mai ruwan zinare, wanda Iro ya sayo masa tun tana yarinya. Ko a cikin dubu za ta gane shi.

"Ina mai agogon nan?"

"Au, wani tsoho ne, Hajiya. Legas za shi, kuɗinsa bai cika ba ya cika da wannan. Na haɗa shi da jirgin azahar."

"Ubana ne! Ba shi da lafiya, bai san inda kansa yake ba!"

Tsinken sakace ya faɗo daga bakin Sha-Yanzu.

"Da wane suna ka ba shi tikitin?"

Ya hau sosa ƙeya. "Wani Alhaji ne... ko Mudi ne, ko Mu'azu. Wallahi Hajiya suna da yawa, ba na riƙewa."

Daidai nan ƙarar jirgi ta cika wurin. Ta ɗaga kai ta ga jirgin azahar ya ɗaga hanci ya yi sama, yana ƙanƙancewa har ya shige gajimare.

Ta zauna a ƙasa, da leshinta da komai.

Ku tsaya ku yi tunanin abin da ta hango a wannan lokacin. Tsohon da ba ya gane ƙofar gidansa zai sauka a Legas shi kaɗai. Ba waya, ba kati, ba magani. Zai fita yana tambayar mutane gidan Iro, mutumin da ke cikin kabari. In kuma ta kira can ta ce a tare mata shi, wa za ta ce a tare? Ko takardar fasinjoji aka bi layi-layi, babu Tanimu a ciki. A wurin masu jirgi, ubanta bai taɓa hawa ba.

Da ta waiga, Sha-Yanzu ya sulale.

Sabitu ne ya ce, "Hajiya, tashi ki shiga ciki ki roƙe su. Ko waya ce su buga can kafin ya sauka."

Ta shiga tana haɗa hanya. Layi ya watse, tebur ɗaya ne kawai da mutum a kai.

Mai gilashi.

Uwani ta ja ta tsaya. Duk cikin ma'aikatan duniya, yau ita za ta roƙa? Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ƙarasa gabanta.

"Baiwar Allah, ki taimake ni don girman Allah. Mahaifina yana cikin jirgin da ya tashi yanzu. Tsoho ne, yana da gigi, an sayar masa da tikitin wani..."

"Yaya sunansa?"

"Tanimu."

"Tanimu ɗan Audu Mai Goro?"

Uwani ta dafe tebur.

"Zo mu je," in ji mai gilashi.

Ta buɗe wata ƙofa a bayan teburin. Ƙaramin ofis ne, da fanka tana juyawa. Ga Baba Tanimu a kan kujera, ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, kofin shayi a gabansa, ƙunshin kilishi a cinyarsa ya riƙe da hannu biyu.

Uwani ta zube a gabansa ta kama ƙafafunsa, ta fashe da kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mahaifiyarta.

Sai da ta ɗan lafa mai gilashi ta ba ta labari.

"Ya zo da tikiti, na ce Baba ina katinka, ya ce 'yarsa ta ɓoye. Na ce to kai ne Alhaji Mudi? Sai ya dube ni ya ce, 'Yaron can na waje ya ce in an tambaye ni in ce haka. Amma 'yata, sunan da ubana ya yanka mini rago a kansa ba zan sauya shi don kujerar jirgi ba. Ni ne Tanimu ɗan Audu Mai Goro.' Na tambaye shi wa zai tarbe shi, ya ce ƙaninsa. Na ce ba ni lambarsa, sai ya karanto mini irin lambar wayar tangaraho ta da. A nan na gane, don kakata ma haka ta yi kafin Allah ya karɓi abinsa. Na ce ya zo ya huta tukuna. Na sanar da jami'an tsaro, muna shirin ba da cigiya ke nan kika shigo."

Mai gilashi ta sunkuya kusa da shi. "Baba, ka san wannan?"

Baba Tanimu ya ƙura wa Uwani ido. Gajiya da hayaniyar wurin sun gama rikita shi.

"Kamar na san fuskar," in ji shi. "'Yar gidan wa ce?"

Wannan ta fi komai yi mata ciwo, amma ba yau ya fara ba. Ta share hawaye ta miƙe, ta kama hannunsa za su tafi.

Mai gilashi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Bai gane ki ba, ni kuma ba zan miƙa shi ga wanda ban tabbatar ba. Katinki mai hoto."

Kalmomin da suka sa ta yi Allah ya isa ke nan, ba ragi ba ƙari.

Wannan karon da hannu biyu ta miƙa. Nata, mai ɗauke da sunanta na yanka, Hajara Tanimu Audu. Da nasa, wanda ta daɗe tana yawo da shi a jaka, ga hotonsa da wannan hular da ke kansa.

Mai gilashi ta duba kati, ta dubi fuska, ta sake duba kati. Ta kira wani jami'in tsaro shi ma ya gani. Sannan ta matsa daga bakin ƙofar.

"Kin gane ni kuwa?" in ji Uwani, kanta a ƙasa.

"Tun shigowarki."

"Ni ce na zage ki a gaban mutane. Na yi miki Allah ya isa."

"Na sani. Ba ke kaɗai ba ce, Hajiya, kusan kullum sai na sha."

"Ki yafe mini. Wallahi da wani ne ya ɗaga masa ƙafa yau don tausayi, da na rasa ubana."

"Na yafe tun ranar. Ku je, kar lokacin maganinsa ya wuce."

Uwani ta zare zoben hannunta za ta ba ta, matar ta mayar mata da hannun a hankali. Baba ne ya warware ƙunshinsa, ya yago kilishi mai kyau ya miƙa mata. Wannan kam ta karɓa, har da rusunawa.

Sabitu yana nan a waje bai tafi ba. Suka shiga, iska ta fara kaɗa su, gari ya fara komawa wanda Baba ya sani. Can sai ya juyo.

"Uwani, ina muka je ne?"

Ta ce alhamdu lillahi a fili, har Sabitu ya waigo.

"An ji daga Iro?"

Amsar da ta saba ta zo har bakinta. Ta dubi ƙunshin kilishin da ke cinyarsa, ta haɗiye ta.

"Baba, Baffa Iro ya rasu. An daɗe. Mu ne muka ɓoye maka."

Ta jira ya faɗi, ko ya ruɗe, duk abin da dangi suka ji tsoro. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi salati, hawaye suka gangaro cikin farin gemunsa.

"Allah ya jiƙan Iro," in ji shi. "Ai da kun faɗa mini, da tuni ina yi masa addu'a."

Ya ɗaga hannu a cikin adaidaitar nan. Uwani ta ɗaga, Sabitu ma ya gangara gefen titi ya tsaya ya ɗaga.

Washegari da safe ya sake tambaya, don ya manta. Ta sake faɗa masa gaskiya, suka sake yin addu'a. Haka suke yi har yau. Iro bai taɓa samun addu'a irin ta yanzu ba, kuma Baba bai ƙara neman babbar rigarsa ba.

Agogo dai ya tafi, Sha-Yanzu kuma ba a sake ganin sa a wurin ba. Uwani ta ce ya je da shi, ita ta samu mai agogon.

Abu ɗaya ne ke damun ta. Matar nan ta tambayi sunan kowa, ta tabbatar da sunan kowa, amma ita Uwani, da kuka da ruɗewa, ba ta tambayi nata ba. Ta koma daga baya da niyyar godiya, aka ce an yi mata canjin wurin aiki.

Don haka duk bayan salla, in ta gama yi wa iyayenta addu'a, sai ta ƙara da cewa:

"Ya Allah, da baiwarka mai gilashi. Ni ban san sunanta ba, amma Kai ka sani."

Darasi:

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Wanda ya ce maka a'a yau a bakin aikinsa, wataƙila shi ne zai tsare maka abin da ka fi so gobe, don haka ka riƙe harshenka.

Kar ka hau jirgi da sunan wani, kar kuma ka saya wa naka tikitin hannu. Ranar da za a neme ka, da sunanka za a neme ka.

Masu tsofaffi a gida, mu kula da abin da muke faɗa musu don lallashi. Ba duka suke mantawa ba.

Idan akwai wani ma'aikaci da ya taɓa tsayawa kan gaskiya ka ji haushinsa, yau ka yi masa addu'a. Ka kuma tura wannan ga ɗan'uwanka mai yawan tafiya, da duk wanda ke jinyar tsoho, ko Allah zai sa ya isa wayar mai gilashi ta san cewa Uwani na godiya.